Lissafin Fawa da Mudu: Wace Dabara Ce Ke Ƙara Gudu, Wacce Ce Ke Tona Asiri?

Ɗan yayata ya same ni a shago da yammacin wata Asabar, can wajen Ƙofar Ƙaura, kwamfutarsa a hammata ta ɗau zafi kamar an sauke ta daga murhu. Aikin kammala karatunsa ne ya hana shi barci. Manhaja yake ginawa wadda za ta riƙa buga rasit da sa hannun RSA a jikinsa, wato sa hannu na lissafi da ake yi da makullin sirri a tantance shi da makullin fili, duk wanda ya haska waya a kan rasit ɗin ya gane na gaske ne ko jabu.

"Kawu, tun bayan azahar na saki kod ɗin nan. Batir ya kusa ƙarewa, ko tari bai yi ba."

Na karɓa na duba. Layi ɗaya ne ya shaƙe shi: `(a ** d) % n`. Na ce masa ko ya bar ta a caji har jikokinsa su yi furfura, amsa ba za ta fito ba. Gyaran layin bai ci mana minti guda ba. Abin da ya zaunar da mu har magariba shi ne tambayar da ta biyo baya: cikin dabarun da ya ji ana yabo, taga da Montgomery da Karatsuba da dabarar Sinawa, wacce zai ɗauka? Amsar da na ba shi nake faɗaɗawa a nan, don na lura masu koyo sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan dabarar da ribarta ta fi ƙanƙanta, su bar tambayar da ya kamata a fara yi.

Lamba uku ce a wannan lissafi. Akwai tushe, wato a. Akwai fawa, ba ta mahauta ba, wato d, adadin sau nawa za a ninka tushen da kansa. Sai n, wadda ni nake kira mudu: ka zube hatsinka komai yawansa, ka yi ta awo mudu-mudu, abin da ya rage bai cika mudu ba shi ne amsarka. Mudun RSA na yau da kullum bit 2048 ne (bit shi ne 0 ko 1 ɗin da kwamfuta ke rubuta lamba da su), in za a rubuta shi da lambobinmu na goma-goma sai an jera 617. Kod ɗin yaron cewa ya yi Python ta gama ninka tushen sau d tukuna sannan ta yi awo. Tsawon wannan amsa ta tsakiya kaɗai, in an ƙirga shi da bit, lamba ce mai jeri sama da 600. Ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hange, masana na ƙiyasta su da 1 mai sifili 80 a gaba. Babu RAM ɗin da zai ɗauki wannan.

Gyara biyu ne ke mayar da abin da ba zai yiwu ba ya zama aikin ƙiftawar ido. Na farko, a riƙa awo bayan kowace ninkawa, kada a bar lamba ta wuce mudu. Na biyu, a bi fawar bit-bit. Ɗauki yau Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'aduwa, ana tambayarka wace rana za ta kama bayan kwana 3 a fawa 13, wato kwana 1,594,323. Mudunka 7 ne. A rubutun bit, 13 ita ce 1101. Ka fara da 3. Bit na gaba 1 ne: ninka 3 da kanta, 9, saura 2, ninka da tushe, 6. Na gaba 0 ne: ninka 6 da kanta, 36, saura 1, ka wuce. Na ƙarshe 1 ne: 1 sau 1, sannan sau 3, ka sami 3. Kwana uku bayan Lahadi, Laraba ke nan. Ninkawa biyar ka yi maimakon goma sha biyu, kuma babu lambar da ta wuce 36 a hannunka. Ninka lamba da kanta shi zan riƙa kira sikwaya. Ga fawa mai bit 2048, wannan hanya na cin sikwaya 2047 da ninkawa wajen 1024, tunda kusan rabin bit ɗin 1 ne. Jimilla kimanin 3070. Riƙe wannan adadi, da shi za mu auna sauran.

Duk wannan Python ta riga ta yi maka. `pow(a, d, n)` kawai za ka rubuta. Da ya canza layin ya danna, amsa ta fito kafin ya ɗauke yatsa. Ya yi dariya, sannan ya ce, "To Kawu, in rasit dubu goma ne a rana ɗaya fa?" Nan ne gizo ke saƙar.

Lokacin da lissafin ke ci ya rataya ne a kan yawan ninkawar, da tsadar kowace ninkawa haɗe da awon da ke bin ta, da kuma girman lambobin kansu. Kowace dabara ɗaya daga ciki take taɓawa, kuma ribarsu ba ɗaya ba ce ko kusa.

Taga ita ce mai rage yawan ninkawa. Mai shago ba ya jira sai yaro ya zo sayen sukari sannan ya auna. Tun safe yake ƙulla shi a leda ya jera. Haka nan, maimakon karanta fawa bit ɗaya-ɗaya, sai ka ɗebi biyar-biyar, ka kuma tanadi jadawalin tushe a fawa 0 har zuwa 31 tun farko. Kowace taga sikwaya biyar ce da ninkawa ɗaya. Bit 2048 ya ba ka taga 410, ka ƙara wajen 30 na gina jadawalin, ninkawa ta sauko daga 1024 zuwa 440. Wannan ita ce tsayayyar taga. Akwai ƙanwarta mai zamiya, wadda ke tsallake sifilai ta fara taga sai inda ta ga 1, don haka jadawalinta ba ya buƙatar sai fawowin da suke mara, wato waɗanda ba sa rabuwa biyu daidai. Da faɗin bit shida, jadawalin gida 32 ne, ninkawa wajen 293, a haɗe 325. OpenSSL, wani laburare ne, wato tarin kod na tsaro da ake ɗauka a yi aiki da shi, na zaɓen faɗin ne bisa tsawon fawa: in ta wuce bit 671 shida, in ta wuce 239 biyar, in ta wuce 79 huɗu, in ta wuce 23 uku.

Sai dai kash, taga ba ta taɓa sikwaya. Dubu biyun nan suna nan daram. Jimilla ta tashi daga 3070 ta koma wajen 2490 da tsayayyar taga, ko 2370 da mai zamiya. Ribar ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma tazarar da ke tsakanin tagogin biyu ba ta cika kashi 5 cikin 100 ba. Wannan kashi biyar ɗin zai dawo mana nan gaba, domin an taɓa biyan sa da tsada. Jadawalin ma da kuɗinsa: gida 32 kowanne bayit 256, kilobayit 8 ke nan. A kwamfuta ba komai ba ne, amma Arduino Uno gaba ɗaya kilobayit 2 na RAM gare shi.

Yanzu tsadar ninkawar kanta. Firosesa ba ya haɗiye lamba mai bit 2048 lokaci guda. Yanka ta yake gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa bit 64, gaɓa 32 ke nan. Ninkawar firamare, kowace gaɓa da kowace gaɓa, ƙananan ninkawa 1024 ce. Sikwaya ta fi araha, 528 ta isa, saboda gaɓa ta uku sau ta bakwai daidai take da ta bakwai sau ta uku, ba sai an maimaita ba. Duk laburaren da ya san abin da yake yi yana da kod na sikwaya daban, kuma in kana rubuta naka, wannan ce riba mafi sauƙin samu tunda sikwaya ce mafi yawan aikin.

Karatsuba, wanda aka buga dabararsa a 1962, ya nuna ana iya mayar da ninkawa huɗu ta rabi-rabi zuwa uku. Sunan na da daɗin faɗa a gaban malamai ranar kare aiki, amma a girman da muke magana ribarta kaɗan ce, don tarawa da ɗebewar da take jawowa na cinye yawancin abin da ta rage. CPython, wato Python ɗin da aka saba amfani da shi, ba ya ma kunna ta sai lamba ta wuce gaɓa 70 na bit 30, wato bit 2100. Mudun yaron nan bai kai ba. Sai lambobi sun kai dubban bit da yawa take fara nuna kanta. Na ce masa ya bar ta.

Awo ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Bayan kowace ninkawa kana da lamba mai bit 4096 da za a mayar ƙasa da mudu. Hanyar da kowa ya sani ita ce doguwar rabawa: ka yi hasashen sau nawa mudu zai shiga, ka ninka, ka ɗebe, in hasashen ya zarce ka gyara. Rabawa na daga cikin umarnin da suka fi nawa a firosesa, ga hasashe da gyara a kowace gaɓa. A 1985 Peter Montgomery ya fito da hanyar da ta kauce wa wannan kacokan. Ga yadda take da lambobin goma-goma. Raba lamba da 100 ba wuya in ta ƙare da sifili biyu, share su kawai za ka yi. Ɗauki mudu 97, lambar da za a auna 1234. Ƙara mudu cikakke a kan lamba ba ya canza saura, don haka sai mu nemi mudu nawa za mu ƙara don ƙarshen ya zama 00. Amsar 78 ce, kuma ba lalube ake yi ba: akwai lamba ɗaya da ake tanada tun farko, a nan 67, ka ninka ta da 34 na ƙarshen 1234 ka sami 2278, ka riƙe biyun ƙarshe. To 78 sau 97 ya ba da 7566, a tara da 1234 ya zama 8800. Share sifilai, saura 88. Ba a raba komai da 97 ba.

Mai lura zai ce ai sauran 1234 a mudun 97 shi ne 70, ba 88 ba. Gaskiya ne. Abin da ya fito shi ne amsar da aka raba da 100 a cikin lissafin mudu. Ninka 88 da 100 ka auna, 70 za ka gani. Shi ya sa ake fara shigar da lambobi cikin sigar Montgomery, a yi duk dubban ninkawar a can, a fito da amsa sau ɗaya a ƙarshe. Kamar canjin kuɗi ne ga mai zuwa Maraɗi: in wata guda za ka yi kana ciniki, canza nairarka zuwa sefa sau ɗaya ya fi, in ruwan leda kawai za ka saya ka juyo, wahalar canjin ta fi cinikin. A kwamfuta, 100 ɗin nan fawar 2 ce, share sifili kuwa ture gaɓoɓi ne kawai. Sharaɗinta ɗaya: dole mudu ya zama mara. Mudun RSA kullum mara ne, tunda ninkin manyan lambobin firam biyu ne, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Duk lokacin da na zo wannan sharaɗi sai in tuna Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafin nan na garinmu da ya rubuta littafi a 1732 kan tsara hatimi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Lambar mara ta daɗe tana ba masu lissafi sauƙin da cika ba ta bayarwa.

Kishiyar Montgomery ita ce hanyar Paul Barrett ta 1986. Ita kuma tanadar kimanin sakamakon raba 1 da mudu take yi sau ɗaya, ta mayar da rabawa ninkawa. Ba ta buƙatar shiga da fita wata siga, kuma ba ruwanta da mara ko cika. In ninkawa kaɗan za ka yi, ko mudunka cika ne, Barrett ta fi dacewa. In doguwar fawa ce a kan mudu mara, Montgomery ce zaɓin manyan laburare. Amma kada a zuzuta: awon Montgomery ma yana cin kusan abin da ninkawa guda ke ci. Ragi ne mai kyau, ba mu'ujiza ba.

Babbar riba tana wajen girman lambobi, wato dabarar Sinawa, wadda yaron ya ambata a ƙarshe. Wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin, na tsakanin ƙarni na 3 da na 5, ya yi tambaya: wace lamba ce in an raba da 3 saura 2, da 5 saura 3, da 7 saura 2? Amsa 23. Ma'ana, in ka san saura a ƙananan mudu, kana iya gano saura a babban mudun da suka haɗu suka yi. Mai makullin sirri na RSA ya san p da q, lambobin firam biyu masu bit 1024 da suka haifi n. Sai ya yi lissafin fawa sau biyu, ɗaya a mudun p ɗaya a mudun q, ya ɗinke. Fawar ma tana raguwa: albarkacin ƙaramar ƙa'idar Fermat, a mudun p ana iya auna d da p − 1 a yi aiki da saura. Duba lissafin: gaɓa 16 sau 16 ƙananan ninkawa 256 ne, rubu'in 1024. Fawa ta zama rabi. Kowane ɓangare kashi ɗaya cikin takwas ke nan na aikin asali, biyun a haɗe rubu'i. Gudu ya ninka kusan sau huɗu. Quisquater da Couvreur ne suka kawo wannan cikin RSA a 1982, kuma shi ya sa in ka buɗe fayil ɗin makullin sirri za ka tarar ba n da d kaɗai ke ciki ba, har da p da q da ƙananan fawowin biyu da lambar ɗinki. Ajiye wannan kusa da taga: ɗaya ta rage kashi 23 cikin 100, ɗaya ta rage 75. Wannan lissafi ɗaya ne kuma ke gaya maka cewa tashi daga makulli mai bit 2048 zuwa 4096 zai ninka wahalar sa hannu kusan sau takwas.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A 1997 Boneh da DeMillo da Lipton suka nuna cewa in kuskure ya faɗa cikin ɗaya daga ɓangarorin biyu, ko da bit ɗaya ne ya juye, sa hannun da ya fito zai zama daidai a mudun p amma gurɓatacce a mudun q. Wanda ya sami wannan gurɓataccen sa hannu guda ɗaya tak, da saƙon da aka sa wa hannu, zai ɗaga shi a fawar fili, wato fawar da ke cikin makullin fili wadda kowa ke iya gani, ya ɗebe saƙon, ya nemi babbar lambar da ke raba sakamakon da n. Abin da zai faɗo masa p ne. Makulli ya tafi. Ba tatsuniyar ɗakin bincike ba ce: a 2015 Florian Weimer na Red Hat ya bi sabobin intanet yana tattara sa hannu, ya kuma samo makullai na gaske ta wannan hanya daga na'urori masu tangarɗa. Mu da na'urorinmu ke aiki cikin zafin Afrilu, wuta na zuwa tana ɗaukewa, janareta na hawa yana sauka, bai kamata mu ɗauka bit ba ya juyewa ba. Maganin kuwa araha ne: kafin ka saki sa hannu, tantance shi da fawar fili. Ita 65537 ce galibi, wato 2 a fawa 16 da ɗaya, sikwaya 16 da ninkawa ɗaya. Ninkawa 17 a gefen ɗaruruwa ba ta kai a yi ciniki a kanta ba. Wanda ya rubuta dabarar Sinawa da hannunsa ya tsallake wannan mataki, gara ma bai rubuta ba.

Wannan ya kawo mu tambayar da na ce ita ya kamata a fara yi: fawar nan sirri ce ko ta fili?

Wanda ke bayan katanga bai ga turmi ba, amma daga ƙarar taɓarya ya san mace ɗaya ce ke daka ko lugude ake. Hanyar bit-bit da muka yi da kasuwar Mai'aduwa tana ninkawa in bit 1 ne, tana tsallakewa in 0 ne. Ke nan lokacin da take ci, da wutar da take ja, suna bin siffar fawar. Paul Kocher ya nuna a 1996 cewa auna lokaci kaɗai na iya fitar da makulli. A 2003 Brumley da Boneh suka yi wa sabar da ke amfani da OpenSSL haka ta hanyar sadarwa, ba tare da sun taɓa na'urar ba, kuma abin da suka bi sawunsa dabarun gudun ne kansu: ɗebewar ƙarshe da Montgomery ke yi wani lokaci ya bari wani lokaci, da sauyawa tsakanin Karatsuba da ninkawar firamare. A 2005 Colin Percival ya nuna wani shiri da ke gudana a firosesa ɗaya da kai na iya gane gidan jadawalin da ka taɓa ta hanyar kash, ƙaramar ma'ajiyar nan ta cikin firosesa. Sai 2017, lokacin da wata tawagar masu bincike ta kwance makullin RSA mai bit 1024 daga Libgcrypt, laburaren da GnuPG ke dogaro da shi, ta bin jerin sikwaya da ninkawa na taga mai zamiya. Kashi biyar ɗin nan da na ce a riƙe, ga inda ya kai.

Saboda haka, in fawa sirri ce, tsarin zaɓin juyewa yake. Tsayayyar taga ce ake so, wadda ke ninkawa a kowace taga ko da sifilai ne zalla, tana kuma karanta duk gidajen jadawali kowane zagaye ta zaɓi wanda take so ba tare da reshen "in kaza" ba. Akwai tsanin Montgomery, mai sikwaya ɗaya da ninkawa ɗaya ga kowane bit ba fashi. Ya kai wajen 4096, ya fi kowa nawa, amma ba ya buƙatar jadawali, don haka yana da daraja a ƙaramar na'ura. Ana kuma rufe fuskar saƙo: a ninka shi da wata lambar ka-cici-ka-cici kafin lissafi, a cire ta bayan an gama, don mai saurare ya rasa abin da zai danganta lokacin da shi. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: wannan ba aikin da mutum zai rubuta da kansa ya saka a manhajar jama'a ba ne. Ko ka rubuta C mai tsabta, kwamfaila na iya mayar maka da reshen da ka cire.

To wane kayan aiki? `pow` na Python yana amfani da taga in fawa ta yi tsawo, amma awonsa rabawa ce ta yau da kullum, gaɓoɓinsa kuma bit 30 ne, kuma ba a gina shi don ɓoye lokaci ba. Ya isa koyo, ya isa gwajin lambar firam, ya isa duk abin da fawarsa ta fili ce kuma ba a gaggawa. In kana son ƙarin gudu ba tare da barin Python ba, gmpy2 na ba ka `powmod`, wanda ke kiran GMP, laburaren da Torbjörn Granlund ya fara fitarwa a 1991, mai kod na musamman ga kowane irin firosesa. A C, `mpz_powm` shi ne mai gudu, `mpz_powm_sec` kuma shi ne wanda aka yi don fawar sirri, da sharaɗin mudu mara da fawa sama da sifili. `modPow` na Java yana haɗa Montgomery da taga mai zamiya, yana da gudu, amma ka riga ka ji labarin zamiya. Go ma sai a siga 1.20, a 2023, ta cire RSA daga kan `math/big` ta ɗora shi a kan sabon kod mai daidaitaccen lokaci. JavaScript ce marainiya: BigInt ɗinta ba shi da fawa mai mudu sam, `**` kuwa ba zai ba ka amsa ba, kamar yadda ya faru da ɗan yayata. Amma burauza na da Web Crypto a ciki, wanda ke sa hannu da tantancewa na RSA kai tsaye. In kana son sanin ƙarfin na'urarka, `openssl speed rsa2048` zai gaya maka cikin daƙiƙoƙi; za ka ga tantancewa ta fi sa hannu gudu da ninki gommai, kuma yanzu ka san dalili.

Akwai waɗanda duk wannan bai shafe su ba. Mai gasar rubuta kod da mudunsa 1,000,000,007, ninkin lambobi biyu ƙasa da shi na shiga cikin bit 64 lafiya lau. Zagayen bit-bit na layi shida ya ishe shi. In mudun ya kai bit 64, `unsigned __int128` na GCC da Clang zai riƙe ninkin. Wanda tushensa ba ya canzawa, kamar a musayar makulli ta Diffie da Hellman inda g ɗaya ce kullum, shi ne mai sa'a: yana iya tanadar fawowin g sau ɗaya ya adana, ya kawar da yawancin sikwayar da taga ta kasa taɓawa. Mai ƙaramar na'ura kuma ya fara duba takardar guntun da ya saya. ESP32 na da sashen lissafin RSA a jikinsa har bit 4096, kuma babu kod ɗin hannu da zai kamo shi a wannan guntu.

Aikin ɗan yayata ya rabu gida biyu da kansa. Wayar mai duba rasit fawar fili take amfani da ita, ninkawa 17, ba taga ba dabarar Sinawa, Web Crypto ya gama magana. Sabar da ke sa hannu kuwa fawar sirri ce, sai muka ɗora ta a kan laburaren `cryptography` na Python, wanda ke miƙa aikin ga OpenSSL, inda dabarar Sinawa da Montgomery da tsayayyar taga da rufe fuska duk suna ciki tun tuni. Rasit dubu goma a rana bai kai rasit ɗaya a daƙiƙa takwas ba, ko tsohuwar kwamfutar shagona ba za ta ji a jikinta ba.

Na kuma jefa masa wata shawara da ba ta cikin tambayarsa. Sa hannun RSA mai bit 2048 bayit 256 ne, na Ed25519, wata hanyar sa hannu ta daban, bayit 64. A kan ɗan siririn rasit da injin POS ke bugawa, wanda zai kwana a aljihu ya sha gumi, ƙaramin hoton QR mai manyan ɗigo ya fi saurin karantuwa. Sa hannu da Ed25519 ya fi sauri, tantancewa kuwa RSA kan riga shi. Ya yi shiru, sannan ya ce taken aikinsa da aka amince da shi RSA ne a rubuce, canza shi yanzu sai an koma gaban kwamiti.

"To Kawu, kod ɗin Montgomery da na kwana uku ina rubutawa fa? Zubarwa zan yi?"

Na ce ya sa shi a babi na uku, ya gwada shi da `pow` da gmpy2 a kan lambobi iri ɗaya, ya auna da `timeit` sau da yawa, ya zana jadawalin abin da ya gani da idonsa. Malaminsa zai so wannan. Makullin gaske dai kada ya kusanci kod ɗin. Ya rufe kwamfutar, ya tambaya ko zai bar ta a caji a shagon zuwa gobe, aka kira salla muka tashi.